Cika gas ɗin AC na mota da kanka: ragin kuɗi ne ko sayen wahala?

Duk shekara da zarar an shiga watan Maris, zafi ya fara gasa mutane daga Sakkwato har Maiduguri, sai tambaya ɗaya ta yi ta dawowa: "AC ɗin motata ya daina sanyi, na ga bidiyo a YouTube wani Bature ya sayi ƙaramin gwangwanin gas ya cika da kansa cikin minti goma. Ni ma in yi haka, ko in kai wa makanike?"

Amsata ita ce kar ka cika da kanka. Amma kuma kar ka kai wa duk wanda ka gani da tukunyar gas a bakin titi, don sau da yawa abin da zai yi maka daidai yake da abin da za ka yi da hannunka, sai dai shi za ka biya shi. Ka nemi wanda ke da kayan aiki, kuma ka je kana sane da abin da ya kamata a yi maka. Ku biyo ni in kawo dalilaina.

Gas ɗin AC ba fetur ba ne

Nan ne yawancinmu muke samun ruɗani. Muna ɗauka gas ɗin AC yana ƙonewa ne yana ƙarewa kamar fetur ko gas ɗin girki. Ba haka ba ne. A rufe yake cikin bututai, yana zagayawa kawai. Kwampreso ya matse shi ya yi zafi, ya tura shi kwandensa, wato wannan siririn lagireton da ke gaban babban lagireton mota, inda iska ke huce shi ya zama ruwa. Daga nan ya ratsa wani ɗan ƙaramin bawul, ya shiga wani ɗan lagireton da ke ɓoye cikin dashbod, ya koma iska yana zuƙe zafin cikin mota. Sai ya sake komawa kwampreso. Haka zai yi ta yi shekara da shekaru.

To idan gas ya ragu, ina ya tafi? Fita ya yi ta wata kafa. Gaskiya ne ko lafiyayyar mota tana rasa ɗan kaɗan a hankali ta jikin tiyo da robobi cikin shekaru. Amma motar da aka cika bara, bana kuma ta daina sanyi, wannan yoyo take yi. Ko robar mahaɗa ta bushe, ko tsakuwa ta huda kwandensa, ko bakin kwampreso ya saki. Ƙara gas a irin wannan mota zuba ruwa ne a kwando.

Mu masu gyaran waya mun san irin wannan. Mutum zai kawo waya yana cewa caji ba ya zama, ya sayi caja uku, ya canja batir, alhali wani ɗan abu ne ya haɗe a kan allon wayar yana shanye wuta. Muddin ba a gano shi ba, ko batir ɗari ka sa haka zai yi.

Me ya sa abin ya yi sauƙi a bidiyo?

Yawancin bidiyoyin nan daga Amurka suke. A can ana sayar da ƙananan gwangwanayen R134a masu giram 340 a shagunan kayan mota, da ɗan tiyo da geji guda ɗaya a jiki. Kamfanin da ya yi gwangwanin sananne ne, abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki. Kuma kuɗin makanike a can yana da tsada sosai, da awa ake biya, shi ya sa mutum zai gwammace ya gwada da kansa. Duk da haka, a can ɗin ma wanda zai yi wa wani aikin AC na mota don a biya shi dole ne ya samu takardar shaidar horo.

Abin da mai bidiyo ba zai nuna maka ba shi ne halin da motar ta shiga bayan wata uku. Yana kashe kyamara ne daidai lokacin da sanyi ya fara fitowa.

Abubuwa huɗu da gwangwani ba zai iya yi maka ba

Na farko, ba zai auna maka nauyi ba. Ɗaga bonet ɗin motarka ka duba, akwai wata 'yar takarda da aka manna, an rubuta nau'in gas da yawansa da giram. Ƙananan motoci yawanci tsakanin giram 400 ne zuwa 700, manyan jif da bas masu AC har baya suna iya kaiwa kilo ɗaya ko fiye. Kamfani da nauyi ya ƙayyade shi, kuma ɗan sararin da ya bari na sama da ƙasa kaɗan ne. Gejin da ke jikin gwangwani kuwa matsi yake aunawa, matsi kuma yana bin zafin gari. Ga misali: mota a kashe, R134a zai nuna wajen psi 80 idan zafi na digiri 25, amma idan zafi ya kai digiri 40 zai nuna wajen psi 130. Kuma ko gas ɗin a cike yake ko rabi ne, muddin da sauran ruwansa a ciki, kusan lamba ɗaya za ka gani. Ga shi kuma motoci da yawa na zamani suna da irin kwampreson da ke daidaita ƙarfinsa da kansa, sai allurar gejin ta tsaya wuri guda kai kuma kana ta ɗura gas kana jiran ta motsa.

Shi kuwa gas idan ya yi yawa, sanyi raguwa yake yi. Matsi ya hau, kwampreso ya yi ta wahala, inji ya yi nauyi, fetur ya ƙara tafiya. Idan ruwan gas ya koma cikin kwampreso, wanda iska aka yi shi ya matsa, yana iya fasa shi ta ciki.

Na biyu, ba zai zuƙe iska da danshi ba. Idan gas ya fita ƙaf, iskar waje ta shiga bututan, ita kuma tana ɗauke da danshi. Danshin nan yana daskarewa a bakin ɗan bawul ɗin nan ya toshe hanya, shi ya sa za ka ga AC yana sanyi yana ɗaukewa. Yana kuma ɓata man kwampreso, ya riƙa cin ƙarfe ta ciki. Maganinsa shi ne injin zuƙe iska, wanda masu sana'ar ke kira bakum. Ana barinsa yana zuƙa kamar rabin awa kafin a zuba sabon gas. Gwangwani ba shi da wannan.

Na uku, ba zai gano inda ke yoyo ba. Wasu gwangwanayen ma an haɗa musu wani sinadari wai mai liƙe yoyo. Ku guje shi. Ba zai liƙe babban rami ba, kuma yana iya toshe ƙananan hanyoyin cikin kwandensa da bawul, har ya lalata injin mai gyaran da zai karɓi motar daga baya.

Na huɗu, ba zai gaya maka ko ma gas ne matsalar ba. AC yana daina sanyi saboda fankar gaban kwandensa ta mutu, ko fiyus ya ƙone, ko kulocin kwampreso ba ya kamawa, ko ƙura ta toshe filtar iskar cikin mota, ko ɗan ƙyauren da ke raba iska mai zafi da mai sanyi a dashbod ya maƙale. A duk waɗannan gas ɗinka yana nan daram. Ka ƙara masa wani, ka ƙara wa kanka matsala ta biyu.

Wane gas ne ma a cikin tukunyar?

Wannan ita ce damuwar da ta fi shafar mu a nan. Gas ɗin AC na mota iri uku ne aka fi sani. Tsofaffin motoci na kafin wajen 1994 da R12 suka zo, wanda aka daina yinsa bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 saboda yana ɓata rufin sararin samaniya da ke kare mu daga hasken rana mai cutarwa. R134a ne ya maye gurbinsa, kuma shi ne a cikin yawancin motocin da ke kan titunanmu, su Corolla da Camry da Accord da Golf. Sai kuma sabon, R1234yf. Tarayyar Turai ta hana sayar da sabbin ƙananan motoci masu R134a daga shekarar 2017, saboda kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon. Kamfanonin da ke sayar da mota a Amurka su ma sun koma sabon gas ɗin.

Ma'anar wannan a wajenmu ita ce, 'yan Kwatano da 'yan Beljiyam na shekarun baya-bayan nan da yawa da R1234yf suke shigowa. Kamfani da gangan ya bambanta bakin cikawarsu don kar a haɗa su, amma a kasuwa akwai ɗan mahaɗin da ake sawa a tsallake wannan. Idan aka gauraya gas biyu, gejin ba zai ƙara faɗa maka gaskiya ba, kuma duk wanda zai taɓa motar nan gaba a duhu zai yi aiki.

Bayan wannan ga na jabu. Tukunya tana iya zuwa da rubutun R134a a jiki, abin da ke ciki kuma wani abu ne daban. Akwai gas ɗin AC na gida, R22, wanda matsinsa ya fi ƙarfin bututan mota. Akwai na firji, R600a, wanda ɗan'uwan gas ɗin girki ne, wuta yake kamawa. A firji ba matsala, don kaɗan ne ake sawa kuma an tsara firjin dominsa. A mota kuwa giram ɗaruruwa ne, ga kwandensa a can gaba inda ake fara karo, ga zafin inji, ga wayoyin wuta. Idan kuma ɗan lagireton dashbod ne ya hudu, cikin motar da kake zaune da iyalinka gas ɗin zai taru.

Kar ku ɗauka tsoratarwa ce. A shekarar 2011 wasu kwantenonin sanyi na jiragen ruwa sun fashe a tashoshin Biyetnam da Birazil, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. Da aka bincika sai aka gano jabun R134a aka cika musu, wanda aka haɗa da wani sinadari mai suna R40. Shi wannan sinadari idan ya haɗu da alminiyom yana haifar da wani abu mai kamawa da wuta da zarar ya taɓa iska. To kwampreso da kwandensa da bututan motarka yawanci alminiyom ne. Idan manyan kamfanonin jiragen ruwa sun faɗa wannan rami, kai da ka sayi gwangwani don ka ga ya fi na kowa araha fa?

Haɗarin jiki

R134a yana tafasa ne a digiri 26 ƙasa da sifili. Idan ruwansa ya fesu a hannu yana ƙona fata kamar wuta, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Baki biyu ne a jikin AC, ɗaya murfinsa da harafin L, ɗaya da H. Na H ɗin matsinsa yana haura psi 200 a ranar zafi. Wanda ya yi dabarar haɗa gwangwani da wannan bakin, a hannunsa zai iya fashewa. Barin gwangwani a cikin mota a rana shi ma haɗari ne. Idan kuma gas ɗin ya taɓa harshen wuta, hayaƙi mai guba yake fitarwa.

Masu motocin da ke haɗa fetur da batir, irin su Prius, ku kam kar ma ku fara. Kwampresonku da wutar babban batir yake aiki, kuma man da ke cikinsa na musamman ne wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Gwangwanaye da yawa an haɗa musu man kwampreso na gama-gari. Ya shiga, yana iya jawo wuta ta riƙa zurarewa, motar ta fara nuna matsala, kwampreso mai tsada ya tafi.

"Ai makanikan ma ba amana"

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiya. Kuɗi ya yi wuya. Mutane da yawa sun kai mota an cika gas, sati biyu sanyi ya ɓace, sun koma an sake karɓar kuɗi. Wasu an ce musu kwampreso ya mutu alhali fiyus ne. Akwai mai cika gas da ba shi da komai sai tukunya da tiyo, zai taɓa bututu da hannu ya ce "ya isa". Wani ma sai ya danna bawul ya sako sauran gas ɗin a iska wai yana fitar da datti. Wanda aka yi wa haka sau biyu dole ya ce gara in yi da kaina.

Amma ka lura, abin da wannan mutumin ya yi maka shi ne ainihin abin da bidiyon ke koya maka: ba awo, ba zuƙe iska, ba neman yoyo. Idan aikinsa bai yi ba, naka ma ba zai yi ba, don aiki ɗaya ne. Abin da ya ɓace a nan kayan aiki ne da tsari.

Ka kuma yi lissafin asara. Idan kwampreso ya farfashe ta ciki, garin ƙarfensa yana bazuwa ko'ina a bututan. Kwandensan motocin yanzu hanyoyinsa sirara ne, ba ya wankuwa da kyau, canja shi ake yi. Ga ɗan tulun da ke tsotse danshi, ga bawul, ga wankin bututai, ga sabon mai da sabon gas. Aikin da robar mahaɗa guda ɗaya za ta gyara ya koma ninki da yawa. Garin gyaran gira ke nan an rasa ido.

Abin da za ka iya yi da hannunka

Kafin ka kashe ko kwabo, ga abubuwan da ba su da haɗari:

1. Kunna mota, sa AC a ƙarshen sanyi, ɗaga bonet. Ka saurari ƙarar "tas" ta kamawar kuloci, ka ga ko tsakiyar kwampreso tana juyawa. Ka kiyaye hannu da riga daga bel da fanka.
2. Duba fankar gaba. Idan AC yana sanyi kana gudu amma ya ɗauke a cunkoso, fara zargin fanka.
3. Duba fiyus ɗin AC. Taswirarsu tana jikin murfin akwatin fiyus.
4. Ciro filtar iskar cikin mota. A motoci da yawa tana bayan akwatin dashbod na gefen fasinja. Bayan ƙurar hunturu za ka sha mamakin abin da za ka gani. Idan iska ce ba ta fitowa da ƙarfi, sau da yawa ita ce.
5. Wanke kwandensa da ruwa a hankali idan inji ya huce. Ban da ruwa mai ƙarfi sosai, yana lanƙwasa fukafukansa.
6. Bi bututan da ido. Gas tare da mai yake yawo, don haka inda ka ga maiƙo ya kama ƙura a mahaɗa ko a jikin kwandensa, nan ne ake zargi. Ɗauki hotonsa a waya.
7. Ɗauki hoton takardar nan ta ƙarƙashin bonet.

Ko lokacin sanyi ne kuma, ka riƙa kunna AC na minti goma a sati, don mai ya zagaya robobi kar su bushe.

Abin da za ka nema a gareji

Makaniken inji daban, mai AC daban. Idan ka je wajen mai AC, ka duba ko yana da abubuwa uku: geji mai fuska biyu, shuɗi da ja, da injin zuƙe iska, da sikeli ko injin da ke auna giram da kansa. Babu su, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

Sannan ka yi magana tun kafin a fara. Ka ce masa: "Oga, ina so a fara neman inda ke yoyo kafin a zuba gas." Ana nema da ruwan sabulu, ko da iskar naitirojin, ko da wani rini da ke haske idan an haska shi da fitila ta musamman. Bayan gyara, a zuƙe iska kamar minti 30, a kashe injin a jira minti 10 zuwa 15 a ga ko allura za ta motsa. Ta motsa, da sauran yoyo. A ɗora tukunya a sikeli a gabanka, a zuba daidai giram ɗin da ke jikin takardar motarka. Idan an canja wani abu, a ƙara man da ya dace, kuma a ba ka tsohon kayanka. Ka karanta abin da aka rubuta a jikin tukunyar da idonka. A ƙarshe ku yi magana: idan sanyi ya ɓace cikin wata ɗaya ko biyu, wa zai ɗauki nauyi?

Mai sana'ar kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, don su ne ke bambanta shi da ɗan bakin titi. Zai fi tsada a ranar, amma sau ɗaya za ka biya.

Shin babu lokacin da ya halatta ka cika da kanka?

Akwai, amma ƙofar ƙarama ce. Tsohuwar mota mai R134a, wadda ba ta haɗa batir da fetur, wadda ta yi shekaru ba a taɓa AC ɗinta ba, har yanzu tana ɗan sanyi kuma kwampreso yana kamawa, kai kuma kana garin da babu mai kayan aiki, ga gwangwani daga wajen da ka amince, marar sinadarin liƙe yoyo. A nan za ka iya ƙara kaɗan-kaɗan ta bakin L kawai, da gilashin kare ido da safar hannu, a fili inda iska ke kaɗawa, ka tsaya da zarar sanyi ya dawo. Ko a hakan ka sani lokaci ka saya, yoyon yana nan yana jiranka. Idan kuwa gas ya riga ya fita ƙaf, to wannan ƙofar ma a rufe take.

A wannan shafi kullum muna ƙarfafa ku ku koyi yin abu da kanku, kuma ba mu janye ba. Amma sanin inda hannunka ya kamata ya tsaya shi ma ilimi ne. Fiyus da filta da fanka da wankin kwandensa naka ne. Gas kuwa aikin sikeli ne da injin zuƙe iska, kuma sayensu don mota ɗaya ya fi kuɗin gyaran.

Yau ɗin nan ka ɗaga bonet ka ɗauki hoton wannan 'yar takarda. Wanda bai gane abin da aka rubuta a tasa ba, ya ajiye mana sunan motar da shekararta a ƙasa, za mu duba tare. Masu sana'ar AC da ke bibiyarmu kuma, ku faɗa mana garin da kuke da irin kayan aikin da kuke da su, don 'yan'uwa su san inda za su nufa.